Rumfar Wata Huɗu a Bakin Kasuwar Sabon Gari

Ranar wata Talata cikin Janairu na raka kawuna kasuwa da sassafe. Ya haura saba'in, gwiwa ta fara yi masa gardama, amma duk wanda ya ce masa ya zauna gida yara su kula da shago, to ranar ba za su kwashe lafiya ba. Mai adaidaita ya sauke mu a bakin titin Faransa. Bai gama tsayawa ba na bayansa suka ɗora hannu a kan hon kamar an aiko su. Kawu ya sauko da ƙafa ɗaya yana laluben inda zai kafa sanda, sai ga buji ya kwaso ƙura da ledoji ya watsa mana. Nan ya tsaya, tsakanin kwata da kwalta, ya yi tarinsa ya ƙoshi, masu baro suna ta "hanya, Baba, hanya!"

Na ce, "Kawu, da ka bari rana ta ɗan ɗaga."

Ya ce, "Kai yaro, ciniki ya san rana? Ni da akwai inda mutum zai raɓa ya mayar da numfashi kafin ya kutsa ciki, ai da ban ce komai ba."

Taku kaɗan daga inda muke, wani bawan Allah da shan inna ta taɓa tun yana yaro yana ajiye babur ɗinsa, irin wanda masu walda suke ƙara wa taya ya zama mai ƙafa uku. Na daɗe ina ganinsa a wajen, kuma kullum da tsarinsa. Ya zaro kwalin taliya da ya ninke ya rufe sirdi, ya lulluɓe tanki da buhu, ya ɗaure wata tsohuwar lema da igiyar roba a jikin ƙarfen baya. Ita ce garejinsa, ita ce rumfarsa. In iska ta fizge ta, sai ya jira wani yaro ya tsinto masa.

Abin da mutanen nan biyu suke nema bai taka kara ya karya ba: inuwa, da wurin tsayawa kusa da ƙofa. Amma je ka ce za ka kafa sanduna huɗu ka ɗora tamfol a bakin kasuwar Sabon Gari, ko da don tsoho ne ko don gurgu, ka ga yadda magana za ta yi tsawo. Shin ya kamata hukuma ta yarda a riƙa kafa rumfunan wucin gadi, na 'yan watanni, domin tsofaffi da masu buƙata ta musamman su ajiye abin hawansu su kuma fake? In ta yarda, da wane sharaɗi? Ni dai ina ganin ya kamata, sai dai ba irin iznin da muka saba bayarwa a garin nan ba. Masu cewa a'a kuma ba mugunta ce ta sa su ba, sun ga abin da suka gani.

Akwai inda aka riga mu wannan gardama. A lardin Kebek na ƙasar Kanada ƙanƙara tana zuba wata da watanni, mutum ya wayi gari motarsa ta nutse, sai ya ɗauki shebur kafin ya fita. Don haka da sanyi ya ƙarato za ka ga gida-gida an kafa rumfar ƙarfe mai farin tamfol a bakin ƙofa, wadda suke kira Tempo, sunan kamfanin da ya yi fice wajen ƙera ta. Kowace ƙaramar hukuma da ranakunta. Galibi a kafa daga tsakiyar Oktoba ko farkon Nuwamba, a sauke wajen tsakiyar Afrilu, wanda ya zarce a ci shi tara. Akwai kuma tazarar da za a bari daga bakin titi, don kada rumfa ta tare wa direba gani ko ta hana motar kwasar ƙanƙara aiki. Wasu unguwannin masu hannu da shuni a kewayen birnin Montiriyal sun hana ta ɗungurungum, wai tana muzanta gari. Daga nan rigima take tashi, domin dattijo ko mai lalura zai ce shi ba ƙawa ce ta dame shi ba, shebur ne ba ya iya ɗagawa, kuma santsin ƙanƙara ba ya tausayin ƙugun tsoho. Wasu wuraren sai suka yi sassauci, wanda ya kawo takardar likita a ba shi izni na musamman.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarin nasu shi ne ranar saukewa. Rana ce da kowa ya sani, kuma in ta zo ana saukewa.

Mu ba mu da ƙanƙara. Hunturunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska ce daga Sahara, da hazo, da ƙura mai laushi kamar garin alkama, da sanyin asuba da kan sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu. Mai jini a jika bai ɗauki wannan komai ba, sai ma daɗin barci. Mai asma kuwa, da mai sikila, da tsohon da sanyin ƙashi ya kama, watannin nan su ne na zaryar asibiti. Abin hawa ma yana ji a jikinsa. Ƙura ta cika matatar iska, batir ya yi sanyi da safe, ga shi mai babur mai ƙafa uku ba shi da ƙafar da zai buga kik. In sitata ta ƙi, sai ya sunkuya ya danna da hannu, ko ya roƙi mai wucewa.

Duk da haka, da na tambayi mutumin nan mai lema wane lokaci ya fi buƙatar rumfa, dariya ya yi min. Ya ce, "Malam, sanyi ai riga ake ƙara masa. Ka dawo Afrilu da azahar ka ɗora hannunka a kan sirdin nan, sannan ka sake yi min tambayar." Gaskiyarsa. Da bazara zafin Kano yana haura digiri 40, ƙarfen keken guragu, wanda da hannu ake murza shi, ya koma kamar yanzu aka ciro shi daga maƙera. Mai ƙafa in wuri ya yi zafi sai ya yi tsalle ya koma inuwa. Wanda yake rarrafe a kan kwalta, ko da ya zura silifa a tafin hannu, ba shi da wannan gatan. Akwai waɗanda lakarsu ta taɓu har ƙafa ba ta jin zafi, su ƙone ba su sani ba sai an ga ƙuna. Akwai zabiya, wadda rana take ci mata fata har ta kai ga ciwon daji. Bayan bazara ga damina, ga marka a Agusta, taya ta kafe a taɓo, kujerar soso ta sha ruwa mutum ya wuni a jiƙe.

Wato duk wanda ya kwafo tsarin Kanada ya ce wata huɗun hunturu kaɗai, ya ba da rumfa a lokacin da aka fi iya haƙura da rashinta. In kuwa aka ce buƙatar ta shekara ce cur, to ina wucin gadin yake? A nan gizo yake saƙar.

Kafin a je can, a san su wa ake magana a kai, don kada a ɗauka mutum biyar ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata nakasa mai nauyi, kusan mutum ɗaya cikin shida. Kano kuma tana da nata tarihin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda zargin da ya yaɗu a kan allurar, ba a dawo da shi ba sai a 2004, cutar kuwa ta samu sake. An daina ganin sabon kamu na asalin ƙwayar cutar a Kano tun 2014, a Agustan 2020 kuma aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran da ta taɓa a wancan tsakanin suna nan, sun zama samari da 'yan mata, wasu da aure da 'ya'ya. Da yawansu sana'a suke yi: gyaran waya, ɗinkin takalmi, sayar da kati, walda. Kekunan guragun da ake gani a titi ma da dama hannun masu lalurar ne ya ƙera su, a nan cikin gari.

Gwamnati da kanta ta tura su kasuwa. An yi dokar hana bara a titi a 2013, aka sake ɗaga maganar da ƙarfi a 2020. Ko mutum yana goyon bayan hanin ko ba ya yi, saƙon dai ɗaya ne, a bar roƙo a kama sana'a. To sana'a a Kano ina take in ba Kwari da Singa da Wambai da Sabon Gari ba? Wanda aka ce ya bar bakin danja ya je kasuwa, ai sai a duba ko ƙofar kasuwar za ta shige shi. Tsofaffi kuma wani abu ya same su da ba a cika lissafawa ba. Kafin Janairun 2013, lokacin da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, ɗan acaɓa yakan kurɗa da dattijo har kusa da bakin shagonsa. Adaidaita a bakin titi take tsayawa. Sauran tafiyar ta gwiwa ce.

Me doka ta ce? Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a suke shiga yadda mai keke zai iya hawa, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta kuma ce a wuraren ajiye motoci na jama'a a ware gurabe a yi musu alama, mai lafiyar da ya yi fakin a ciki ya yi laifi. Madalla. Sai dai dokar ta yi maganar gurbi ba ta yi maganar rufi ba, hankalinta kuma yana kan mai mota, alhali namu mutanen keke ne da babur da kujerar bayan adaidaita. Tsohon da ba nakasa gare shi ba, ƙarfi ne kawai ya ƙare, shi ma yana rataye a gefen dokar.

Ko da an so a yi, wa zai ba da izni? Tsarin mulki ya sa kasuwanni da tashoshin mota cikin aikin ƙananan hukumomi, kasuwar kuma a ƙaramar hukumar Fagge take. Amma ita wannan kasuwa, da aka sa wa sunan Muhammad Abubakar Rimi, gwamnan da ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983, tana da hukumar gudanarwarta, gwamna ne yake naɗa shugabanta. Titin da ya kewaye ta aikin hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA ne. Duk abin da ya yi kama da gini, hukumar tsara birni ta KNUPDA ce mai cewa a yi ko a bari. Ƙasar kanta, bisa dokar mallakar filaye ta 1978, amana ce a hannun gwamna. Ga 'yan kwana-kwana da ya kamata a ji ta bakinsu, ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa layi-layi. Sanduna huɗu da tamfol ɗaya, ofis biyar. Mai lafiya ma sai ya gaji da hawa bene, balle wanda ake maganar don shi.

Yanzu ga hujjar masu ƙi, kuma ita ce mai nauyi. A Kano kalmar wucin gadi ta daɗe da rasa ma'anarta. Na ga yadda abin yake tafiya a wani lungu da nake bi shekara da shekaru. Da farko lema ce da benci. Damina ta zo aka ce ruwa yana dukan kaya, aka ɗora tamfol. Tamfol ya yage aka sa langa-langa. Aka ce ɓarayi, aka kewaye da katako aka sa kwaɗo. Wata safiya muka tarar an sauke kwantena. Yau wajen siminti ne da tayil, wanda ya fara kafa lemar ya daɗe da sayarwa, na ciki haya yake biya. Babu ranar da za ka nuna ka ce yau aka ci hanya, kullum taku ɗaya ake ƙarawa. Duk ɗan kasuwar da ya haura shekara talatin a Sabon Gari zai nuna maka wuraren da ya sani fili ne ko hanya ko wajen sauke kaya, yanzu shaguna ne da lamba.

A wurin da tafin hannu na ƙasa yake da farashi, izni dukiya ne. Ka ba gurgu takardar rumfa da sunansa a bakin ƙofar kasuwa, kafin sati ya zagayo wani mai kuɗi ya zo masa da tayin da ba zai iya ƙi ba. Ba laifinsa ba ne, yana da iyali. Ƙarshenta rumfar ta cika da katan-katan, shi kuma ya koma rana da lemarsa, ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Wani ma ba zai jira sayen takarda ba, zai je ya yanko da sunan kakarsa da take ƙauye.

Mun kuma ga inda rabon filin jama'a yake kaiwa. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe shagunan da aka gina a filin Idi zamanin gwamnatin da ta gabata. 'Yan kasuwar suka tafi Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake, darasin a fili yake: wannan gwamnati ta raba, waccan ta rushe, na tsakiya ya kwana a ciki. Ba zan so a jefa tsoho da gurgu cikin irin wannan turmin ba.

Sai wuta. Cikin daren wayewar Asabar 26 ga Maris, 2016, gobara ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta cinye shaguna kusan 3,800. Wanda ya ga kasuwar da safiyar nan ba zai so jin kalmar tamfol ba. Roba ce, tana narkewa tana ɗiga da wutarta, iska kuma ta ɗauki yanki ta kai gaba. Hunturu, ɗaya daga lokutan da ake son rumfar, shi ne ma lokacin gobara, komai ya bushe, iska tana kaɗawa, masu gadi da almajirai suna hura wutar jin ɗumi. Kuma duk gobarar kasuwa da aka yi a ƙasar nan, kukan 'yan kwana-kwana iri ɗaya ne, sun zo ba hanyar shiga. Bakin ƙofa, inda tsoho yake son rumfa, nan ne dai inda motar kashe gobara take son wucewa. Wannan hujja ba ta da amsa ta baki, sai ta awo da igiya.

Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don haka a bar maganar. Garin nan fa ya iya rumfar wucin gadi in ya ga dama. Ranar Juma'a ana shimfiɗa tabarmi har kan titi, kafin la'asar ba ko ɗaya. Da azumi ana kafa rumfunan tafsiri, bayan salla a kwance su. Mai biki yana toshe layi guda da kanofi da kujeru daga Juma'a zuwa Lahadi, 'yan siyasa su toshe babban titi, ba wanda ya ce tsarin gari ya lalace. Me ya sa waɗannan suke sauka? Saboda kanofin na mai haya ne, yana son kayansa Litinin da safe, kuma ba wanda ya taɓa jin cewa wajen ya zama nasa don ya zauna a ƙarƙashi. Rumfa tana zama gini ne ranar da mutum ɗaya ya iya cewa tawa ce.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wajenmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da maganar zaman kasuwa da bakin hanya: wanda ya riga isa wuri shi ya fi cancanta da shi har ya tashi, amma zama ba ya zama mallaka, kuma duk amfanin da zai cutar da mai wucewa an hana. Malikawa sun yi bayani a kan farfajiyar ƙofar gida, cewa mai gida yana iya ɗaure dabbarsa ko ya zauna a wajen, ba ya iya gina shi ya haɗe da gida. Wani magini na Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan shari'o'i tun ƙarni na 14. A al'ada ma haka muka taso muka gani. Dakalin ƙofar gida da randar da ake ajiyewa a bakin zaure, mai gida ne ya yi, amma na duk wanda gajiya ko ƙishi ya kawo ne.

Saboda haka ni abin da nake gani shi ne a yi rumfar, kada a raba ta. Hukumar kasuwa ta kafa da kanta, ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta kafa da izninta, a gefen manyan ƙofofi, bayan 'yan kwana-kwana sun auna sun ce motarsu za ta wuce. Ƙarfe ne na kwancewa da noti, rufin kwano, ba bango, ba ƙofa, ba siminti, ba wayar wuta. Gefen da iska take bugowa, wato arewa maso gabas, a iya rataya asabari da hunturu a naɗe shi da yamma. A ciki benci ɗaya dogo, da fili na kekuna da babura masu ƙafa uku, da ɗan gurbin da adaidaita za ta tsaya minti biyu ta sauke dattijo ba tare da an cinye shi da hon ba. Ba a kasa kaya a ciki, ko goro ne. Na san wannan sharaɗin zai yi wa mai sayar da kati daga kan kekensa ciwo, kuma shi ne wanda na fi jin nauyinsa. Amma ranar da aka bar tire ɗaya, an buɗe ƙofar kwantena.

Maganar wa'adi kuma, tunda buƙatar ba ta hunturu kaɗai ba ce, sai a juya lissafin. Iznin ya zama na wata huɗu-huɗu, daidai da yadda shekararmu take rabuwa: ɗari, bazara, damina. Ƙarshen kowane zango a kwance rumfar ƙurmus, a share wajen, a yashe kwata, a bar shi fili kwana biyu ko uku kowa ya gani, sannan a mayar in ba a samu matsala ba. Wani zai ce wahalar banza ce, a kwance a ɗaura. Wahalar ita ce maganin. Abin da ake kwancewa sau uku a shekara ba ya samun damar yin saiwa, kuma ba mai sayen wurin da ya san za a tayar da shi kafin ya mayar da kuɗinsa. A rubuta ranar da jan fenti a jikin ƙarfen, manya-manya, yadda ɗan dako ma zai iya tuna wa hukuma.

Akwai ma rumfar da an riga an gina, ba a dai kira ta da sunan ba. Gadar sama ta titin Murtala Muhammad, wadda ta bi ta Bata da 'Yan Kura, ƙarƙashinta inuwa ce mai tsawo da ba ta cin wuta ba ta yoyo. Dubi su wa suke cikinta yanzu: mai ƙarfin kafaɗa da wanda ya riga zuwa. Da za a zaɓi tsakanin ginshiƙai biyu ko uku mafi kusa da mashigar kasuwa a shafa musu fenti a ce na tsofaffi da masu lalura ne, ba a sayi ko ƙusa ba. Sauran aikin na tsallakar da su titi ne, wanda shi ma ba ƙaramin aiki ba ne a wajen.

Kada a ce kasuwar ba ta iya sabon tsari ba. A 2018 aka fara shimfiɗa farantan sola a rufinta ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, don rage janareto da haɗarinsa. A Fabrairun 2024 aka rufe shagunan masu sayar da magunguna aka ce su koma Dangwauro, duk da turjiyar da aka sha. Hukumar da ta iya waɗannan ba za ta ce benci da kwano shida sun fi ƙarfinta ba.

A cikin unguwa lamarin ya ɗan bambanta, kuma ya fi kama da na Kanada. Lungunan Fagge matsattsu ne, gidajen haya na Sabon Gari kuma ɗaki-ɗaki ne, tsakar gida ta kowa da kowa. Mai keken guragu sau da yawa ba ya iya shigar da shi, ko don dokin ƙofa ya yi tudu ko don soro ya yi kaɗan, sai ya ɗaure shi da sarƙa a waje rana da ruwa su yi ta ci. A nan rumfar dole ta mutum ɗaya ce. Ina ganin mai unguwa da maƙwabta biyu sun isa shaida, a ba shi ɗan rufi a jikin bango wanda bai hau kwata ba, bai kuma hana makara ko motar asibiti wucewa ba. Iznin ya bi mutumin. In ya tashi ko ya rasu, rufin ya sauka, magada ba su gaje shi ba.

Saura shaida. A Ingila tun 1971 suke da katin fakin na masu lalura, da ruwan lemo ne, a 2000 ya koma shuɗi. Hikimarsa ita ce na mutum ne ba na mota ba, duk abin da ya hau katin yana tare da shi. Wannan ya dace da mu, tunda dattijonmu yau adaidaita, gobe motar ɗansa. Wa zai tantance? Muna da waɗanda suka san mutanensu fiye da kowane ofis. Sarkin Makafi da Sarkin Guragu ba jiya aka fara su a Kano ba, ga kuma ƙungiyoyin masu lalura na zamani. Su ma mutane ne, ana iya samun son kai, amma ɗan damfara zai fi shan wuya a gabansu fiye da gaban magatakarda. Tsofaffin kasuwa kuwa shugaban layi ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma, muna hanyar komawa, na zayyana wa kawu duk wannan tsari, har da katin. Ya saurara har na gama, sannan ya juyo.

"Wato ni ne zan rataya kati a wuya, an rubuta tsoho?"

"Ba a wuya ba, Kawu, a aljihu."

"Ko a hula ne. Furfurar nan ba ta ishe su ba? Ku ba masu keke katinsu, su wajen ajiya suke nema, kuma za a yi musu kutse. Mu benci kawai za ku sa mana. Yaron da ya ga sa'an kakansa a tsaye bai tashi ba, kati ba zai tashe shi ba."

Na ce to in benci ya cika da masu jiran adaidaita fa?

Ya ce, "Sai ku sa biyu."